Alhaji Barau Mai Riɗi da Kaskon Larai

Ranar wata Alhamis cikin watan Nuwamba na shekarar 1994, a rumfunan riɗi na kasuwar Maigatari, mutum biyu suka ƙulla ciniki ba tare da an ambaci ko sisi ba. Ɗaya Barau ne, dillalin riɗi, ɗayan kuma Mista Hirano, mutumin ƙasar Japan, wakilin wani kamfani mai sayen riɗi. Barau ya ba da tsohon kaskon yumɓu da yake ɗibar samfur da shi, Hirano ya ba da kwanon shan shayi na ƙasarsu a cikin ɗan akwatin katako. Barau ya ce ya sallama, suka yi musabaha, duk wanda ke rumfar kuma ya ce ya yi wa baƙo wayo. An rubuta wannan tarihi ne domin 'ya'ya da jikoki su san asalin mutumin, su kuma san yadda cinikin ya ƙare.

Haihuwa da asali

An haifi Muhammadu Barau a garin Ɗanzomo, cikin ƙasar Gumel, da daminar shekarar 1951. Mahaifinsa Malam Sajo manomin gero da wake ne, mahaifiyarsa Larai kuma maginiyar tukwane ce, wadda tulunanta da randunanta ke kaiwa har Gagarawa da Sule Tankarkar a bayan jaki. Alamarta sananniya ce, tana danna babban yatsanta sau ɗaya a gindin duk abin da ta gina kafin ya bushe.

Kafin Barau ta haifi 'ya'ya biyu, dukansu suka rasu a goye. Tsofaffi suka ce wabi take yi, suka kuma ce maganin shi ne kada ta kuskura ta nuna tana son wannan, ko a bar mata shi. Malamai sun sha faɗa cewa camfi ne, amma a wancan zamani haka ake yi. Aka sa masa laƙabin Barau, da aka yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwarta Rahamatu a gidan da ke jingine da nasu. Larai ta riƙe umarnin nan fiye da yadda tsofaffin suka yi zato. Har ta bar duniya ba a taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai ta ce wancan yaron, in kuwa ya shigo tana gini sai ta ƙara sunkuyar da kai kan yumɓunta.

Karatu

Ya yi karatun allo a Ɗanzomo har ya kai izu goma. A shekarar 1960 aka kai shi elementare a Gumel, ya yi aji uku ya gudo, ya ce lissafi da rubuta suna sun ishe shi. Akwai kuma wani ilimi da ya kwasa a tsakar gidan mahaifiyarsa ba tare da an koya masa ba. Shi ne mai ɗauko mata yumɓu daga kududdufi da kara na gashi, saboda haka tun yana ɗan shekara goma in ya ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ya san wadda ta gasu da wadda wuta ta yi wa rowa.

Shiga kasuwa

A shekarar 1969 ya tafi Maigatari ya shiga hannun wani dillalin shanu. Ranar da zai tashi Rahamatu ta miƙa masa kasko a ƙunshe cikin tsumma, ta ce ya riƙa shan fura a ciki. Ya karɓa a matsayin kyautar uwar riƙonsa, bai ma juya gindinsa ba.

A kara, wato kasuwar shanu, ya koyi darasin da ya rayu da shi. Bijimin da kake so ba ka kallonsa sau biyu. Ka taɓa tozonsa ka yi tsaki, ka ce ramamme ne, ka juya ka yi tafiyarka a hankali, kafin ka kai bakin kara mai shi zai turo a kira ka. Barau ya ƙware a wannan har manyansa suka riƙa tura shi. Farin 1973 ya kashe shanu, sai ya koma kayan gona, daga baya ya tsaya kan riɗi, yana bin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar yana tarawa. Kaskon nan ya tashi daga na fura ya koma na ɗibar samfur a nuna wa mai saye. Shekara da shekaru na man riɗi da gumin hannu suka mai da shi baƙi, mai santsi da sheƙi.

Aure da iyali

A shekarar 1976 ya auri Ummulkhair, 'yar wani maƙeri a Gagarawa, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen ransa. Allah ya ba su 'ya'ya takwas, biyu suka rasu suna ƙanana. A shekarar 1985 ya gina gida a Gumel. Ya nemi mahaifiyarsa ta dawo wurinsa bayan rasuwar Malam Sajo, ta aiko ta bakin Rahamatu cewa a gaya wa wancan yaron ƙasar Gumel ba ta ginuwa.

Cinikin kasko

Wanda ya kawo Mista Hirano rumfarsa shi ne Ephraim, malamin gona a Gumel, mutumin Filato, wanda ya yi musu tafinta ranar, ya kuma ci gaba da yi har shekara ashirin. Barau ya ɗebo riɗi ya miƙa. Baƙon ya zubar da riɗin a buhu ya riƙe kaskon da hannu biyu, yana juya shi yana duba gindi. Barau ya gane nan take cewa mutumin ya kamu, ya kuma ga bai iya ɓoyewa ba.

Ephraim ya ce, “Yana tambaya wa ya gina.”

Barau ya ce, “Inna.” Ɗa ba ya faɗin sunan mahaifiyarsa a bainar kasuwa, kuma Hirano ya rubuta abin da ya ji a ɗan littafinsa.

Da baƙon ya fito da nasa kwanon daga jaka ya nemi musaya, Barau ya yi ta jan rai har la'asar, sannan ya gindaya sharaɗi, shekara uku kamfanin ba zai sayi riɗin wannan yanki ba sai ta hannunsa. Hirano ya amince. Daga wannan sharaɗi arzikin Barau ya tashi. Ya sayi manyan motoci biyu, ya gina sito, a shekarar 1998 ya sauke farali. Kwanon kuwa ya jefa shi cikin kabad da akwatinsa.

Rasuwar mahaifiyarsa

Larai ta rasu cikin watan Agusta na 1996, Barau yana Legas yana lodin kaya a tashar jiragen ruwa. Saƙo bai same shi ba sai bayan kwana uku. A lokacin ta kai shekara shida da daina gini, domin roba da tukunyar ƙarfe sun kashe kasuwar, ido kuma ya yi rauni. Tukwane biyar suka rage a ɗakinta. Da aka zo rufe kabari, bisa yadda ake yi da ɓarin tukunya, 'yan'uwa suka ga babu abin da ya fi dacewa da ita irin aikin hannunta, sai suka raba kowacce cikin biyar ɗin gida biyu suka jera a kanta, aka zuba ƙasa.

Ranar sadakar bakwai Rahamatu ta tambaye shi ina kaskon da ta ba shi. Ya ce ya yi musaya da shi. Tsohuwar ta ce, “Ai ba nawa ba ne, ɗan nan. Ita ta gina maka, sau uku tana rushewa tana sakewa. Ta ce in ba ka, kada in ce ita ce. Ba ka ga yatsu uku a gindin ba? Biyu na waɗanda suka tafi, babban kuma naka.”

Shekara ashirin da biyar kaskon yana hannunsa, ya san akwai wasu 'yan ramuka a gindi, bai taɓa ƙirga su ba. Rani biyu ya yi yana bin gidajen da Larai ta taɓa kai wa kaya a Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk inda ya je sai a yi dariya a ce wa ke ajiye tsohuwar tukunya. Ya samu randa guda a binne a wani gida, ana haƙa ta ruguje. Daga nan ya tabbata cewa abin da ya rage a doron ƙasa na aikin mahaifiyarsa guda ɗaya ne, kuma yana Japan.

Tara kwanuka

Bai rubuta ya ce a dawo masa da shi ba. Na farko dai ya ce ya sallama, kuma a Maigatari ba a taɓa jin Barau ya warware ciniki ba. Na biyu, a saninsa wanda ya roƙa ya riga ya tsadanta wa kansa kaya. Sai ya yanke shawarar ya san abin da mutanen nan ke daraja, ya mallaki wanda ya fi ƙarfin Hirano, ranar da suka zauna a yi musaya ta biyu.

Ya fito da kwanon daga kabad, ya sa Ephraim ya rubuta wa Hirano tambayoyi. Nan ya ji cewa kwanukan ba na kamfani ba ne, kowanne aikin hannun wani gwanin magini ne da aka san sunansa da garinsa, wasu ma sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Ya ji cewa rubutun da ke kan murfin akwati shaidar maginin ce, in ta ɓata kwano ya zama maraya. Daga shekarar 1999 ya fara saye, biyu ko uku a shekara, yawanci ta hannun Hirano kansa, wanda ya riƙa murna cewa ya samu almajiri a Afirka.

Abin da bai shirya masa ba shi ne kwanukan suka shiga ransa. Wani fari ne mai tsattsagewa kamar kindirmo, wani ja da tabon toka a gefen da wuta ta lasa, wani baƙi ƙirin mai karkataccen baki. Yana juya gindinsu yana ganin inda yatsan maginin ya zame, ya ƙwanƙwasa ya ji sautin da ya sani tun yana yaro. Ya ware musu ɗaki a gidan Gumel, mabuɗin kuma yana aljihunsa. Bayan sallar la'asar yakan zauna ya dama koren garin shayinsu da ɗan maburgin gora, ya sha shi kaɗai.

Hajiya Ummulkhair ba ta taɓa yarda da lamarin ba. Ta ce shayin miyar kuka ce da aka manta da gishiri, kwanukan kuma ko a jeren amarya aka sa su sai dangin ango sun yi magana. Da ya nuna mata wani da ya taɓa fashewa aka like tsagar da zinariya, sai ta ce, “Ashe su ma suna da gyartai. Alhaji, in ƙwarya ce kake so, akwai a kasuwa.” Amma ita ce ta hana jikoki kusantar ƙofar, kuma ita kaɗai ta san dalilin tarin.

Tafiya Japan

A watan Oktoba na 2009 ya tafi Japan tare da Ephraim, da sunan ziyarar abokan ciniki. A jakarsa akwai baƙin kwanon nan, aikin wani tsohon gwani da ya riga ya rasu, wanda Hirano ya taɓa cewa ya nema bai samu ba. Hirano ya yi ritaya a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu. Ya shigar da su wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa wadda sai an durƙusa, suka zauna a tabarma. Bayan an sha shayi ya jawo wani sabon akwati ya kwance igiyarsa, ya warware ƙyalle, ya ajiye kaskon a gaban Barau.

Barau ya ɗauka ya juya. Yatsu uku suna nan, biyu ƙanana a gefe, babba a tsakiya. Ya sa nasa babban yatsan a ramin. Sai dai shekara arba'in na kara da rumfa ba sa barin mutum a yini ɗaya. Barau ya ajiye kaskon, ya kau da kai ya dubi bango, ya ce, “Ashe har yanzu kana ajiye da wannan? Ai mu irinsa kaji muke ba ruwa a ciki.”

Ephraim ya ce, “Alhaji, in faɗa masa haka?”

“Faɗa masa yadda na faɗa. Kai ka san ciniki ne?”

Ephraim ya faɗa. Hirano ya sunkuyar da kai, ya mai da kaskon cikin ƙyallensa ya ɗaure akwati. Barau ya ɗauka an fara ciniki ke nan, saboda haka bai fito da baƙin kwanon ba, ya bar shi sai an taya. Kwana biyu suka ƙara a garin ba a sake ta da maganar ba. Ranar tafiya Hirano ya raka su tashar jirgin ƙasa. Barau ya riƙa rage sauri, ya tsaya gyara takalmi, ya tsaya duba tikiti, yana jiran a kira shi kamar yadda ake yi a bakin kara. Hirano yana tsaye yana rusunawa har jirgi ya tashi.

Wasiƙar 2014

Ya dawo ya ce wa Hajiya ciniki bai nuna ba tukuna, a ba shi lokaci. Shekara biyar yana ba shi lokaci. Ana gaisawa da wasiƙa duk sabuwar shekara, babu mai ambaton kasko. Cikin haka ciwon suga ya kama shi, ya miƙa harkar riɗi ga babban ɗansa Abdurra'uf.

A watan Maris na 2014 wasiƙa ta zo daga 'yar Hirano, Ephraim ya karanta masa a zaure. Ta ce mahaifinta ya rasu. Ta ce tun da ya ji rasuwar wadda ta gina kaskon ya ƙudurta cewa ɗanta ne ya fi cancanta da shi, amma a al'adarsu mayar wa mutum abin da ya ba ka ba tare da ya nuna yana so ba cin fuska ne. Sabon akwatin nan domin Barau aka yi shi, ya tafi da kaskon gida. Da ya ji kaji za a ba ruwa a ciki sai ya ji tsoron a fasa shi, ya riƙe, ya kuma yi wasiyya a ba da shi ga ɗan gidan adana kayan tarihi na garinsu. Ta haɗo da hoto. An sa kaskon a bayan gilashi, a ƙasa an rubuta garin Ɗanzomo, sunan maginiya kuma Inna.

Ephraim ya gama ya ce, “Da na sani da na ƙi fassarawa.”

Barau ya ce, “Kai ka tambaya, ni na ce ka faɗa.”

A makon ya sa aka rubuta wa gidan tarihin wasiƙar da babu dabarar ciniki ko ɗaya a cikinta. Ya ce kaskon na mahaifiyarsa ne, shi kaɗai ya rage, yana so, kuma zai ba da kwanukansa talatin da huɗu da akwatunansu a madadinsa. Bayan wata biyu suka amsa da ladabi mai yawa cewa abin da ya shiga da wasiyya doka ba ta bari ya fita. Sai ya sake aikawa da buƙata ɗaya, a gyara sunan. Ephraim ya riƙe alƙalami ya ce, “Me zan rubuta?” Barau ya ce, “Larai.” 'Ya'yansa da ke zaune sun shaida cewa ranar suka fara jin sunan a bakinsa. Wannan buƙatar an biya masa ita, aka aiko da sabon hoto.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Daga nan bai ƙara sayen kwano ba. Likita ya hana shi doguwar tafiya, ya yi niyyar komawa ya ga kaskon ko ta bayan gilashi ne, Allah bai nufa ba. Ya rataye hoton a ɗakin kwanuka, ya bar ƙofar a buɗe, duk wanda ya zo yakan zaunar da shi ya ba shi shayi a wanda ya zaɓa. In ƙananan dillalai suka zo neman shawara yakan koya musu dabarun kara duka, sannan ya ce su tabbata sun san wanda suke ciniki da shi kafin su kushe masa kaya.

Alhaji Barau ya rasu a gidansa na Gumel da hantsin ranar Litinin cikin watan Yuni na shekarar 2023, yana da shekara saba'in da biyu. Bisa wasiyyarsa aka kai shi Ɗanzomo, aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Da itace aka rufe kabarin, domin a unguwarsu babu sauran mai gini. Ya bar matarsa Hajiya Ummulkhair da 'ya'ya shida, Abdurra'uf, Anas, Muhsina, Siddiq, Nana Firdausi da Abdulfatah, da jikoki ashirin da uku. Magada suka sayar da kwanuka talatin da uku ga wani mai harkar a Legas, Muhsina ta nemi na farkon ya faɗo cikin rabonta, yana wurinta a Gagarawa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan iyayensa, ya sada su a inda uwa ba ta ɓoye son ɗanta.

Har yau a rumfunan riɗi na Maigatari ana kawo cinikin 1994 a matsayin misalin iya kasuwa, ana cewa da kasko guda Barau ya samu sito da motoci. Masu faɗin haka iyakar abin da suka gani ke nan. Hirano ya ga abin da yake so ya nuna yana so, ya zauna da shi shekara ashirin, shi ya ci riba. Larai, wadda ba ta taɓa wuce Gumel ba, ta samu sunanta a rubuce a ƙarƙashin aikinta a wata ƙasa mai nisa, ita ma ba a ce ta faɗi ba. Wanda ya yi asara Barau ne, sau biyu a kan kaya ɗaya. A karon farko ya sayar bai san abin da ke hannunsa ba, a karo na biyu an zo ba shi kyauta ya tsaya neman rangwame.